Fenaretin Rodney Sugden

Wasa ɗari huɗu da goma sha biyu na buga ana biyana albashi, ban taɓa cin ƙwallo ko ɗaya ba. Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni, don a garin Marsby in aka ambaci Rodney Sugden abin da ke biyo baya ke nan. Ba mai tuna cewa shekara goma na yi ina tsare musu gefen hagu, ko cewa hancina sau uku yana karyewa a kan rigarsu. Sai dai a ƙyalƙyale da dariya a ce, "Au, Sugden? Wanda bai san hanyar raga ba?"

Lamba uku nake bugawa, aikina hanawa ne. Ina shekara goma sha shida na bar makaranta na shiga wata babbar ƙungiya koyon sana'a, wato goge takalman manya da sharar ɗakin sauya kaya. Bayan shekara uku koci ya kira ni ofis ya ce ni yaron kirki ne. Duk wanda ya yi ƙwallo a ƙasar nan ya san in aka fara maka da "yaron kirki", to nemi baƙar leda ka zuba takalmanka. Daga nan na yi ta gararamba a rukuni na huɗu, yau wannan gari gobe wancan, ɗakin haya da akwati ɗaya, har na faɗo Marsby a 1984 na zauna. Matata Pauline ta yi shekara shida tare da ni a can, sannan ta ce ta gaji da mijin da in an ci su ranar Asabar ba ya magana sai Talata. Ban ga laifinta ba.

'Yan kallonmu ba su da yawa, amma akwai baki. Da zarar ƙwallo ta zo ƙafata, ko a bakin ragarmu nake, sai su ɗauki ihu, "Buga! Buga!" Har alkawari suka yi cewa ranar da na ci za su faɗa rafin da ke bayan fili da tufafinsu. Wannan bai taɓa hana ni barci ba. Tsokanar mutum dubu uku ba ta kai tambayar mutum ɗaya ciwo ba, wato mahaifina.

Baba, Wilfred Sugden, shekara arba'in ya yi a masaƙar ulu. Lamba tara, wato ɗan gaba mai cin ƙwallo, ya buga wa ƙungiyar masaƙar, kuma tsofaffin unguwa sun ce da ba don yaƙi ya cinye masa ƙuruciya ba da ya yi nisa. A wurinsa mutum biyu ne a fili, mai ci da mai taya mai ci gudu. Bai taɓa cewa zai zo kallona ba, ni ma ban taɓa roƙo ba. Amma duk Lahadi nakan je gida cin gasasshen nama da dankali, kuma kafin in rataye kwat zai ɗago daga jaridarsa.

"Ka ci?"

"Mun ci biyu da ɗaya, Baba."

"Ban tambaye ka mun ba."

"Ban ci ba."

"To, zauna."

Za ka ce me ya hana ni yi masa ƙarya sau ɗaya in huta. Na taɓa gwadawa ina ɗan shekara tara, na ce na ci a wasan makaranta. Maƙwabci ya tona ni. Baba bai dake ni ba, takalmana ya ɗauka ya rataye a ɗakin gawayi wata guda, inda zan riƙa ganinsu duk lokacin da aka aike ni ɗebowa. Tun daga ranar bakina ya ƙi yi masa ƙarya a kan ƙwallo.

Sau ɗaya na kusa. Wata Asabar a Disamban 1988 hazo ya sauko filinmu har ba ka ganin tsakiyar fili daga raga. Aka bugo kwana, wani ya sa kai ya fitar, ta faɗo gabana, na ɗirka mata ƙafar dama, ƙafar da ba na amfani da ita sai wajen hawa bas. Na ji raga ta amsa. Rabin 'yan kallo ba su ma san abin da ya faru ba. Minti tara bayan nan alƙalin wasa ya ce ba ya ganin masu taya shi, ya tashi wasan. Wasan da aka tasa kuwa goge shi ake yi daga littafi da duk abin da ke ciki. Duk da haka washegari na shiga gida ƙirjina a buɗe.

"Na ci, Baba."

"An gama wasan?"

"Hazo ne ya..."

"To ba ka ci ba. Miƙo gishiri."

Bayan rasuwar mahaifiyata kansa ya fara juyewa. Da fari makulli yake mantawa, daga baya ya fita da rigar barci zai tafi masaƙar da aka rushe tuni. Na kai shi gidan kula da tsofaffi a bakin gari, na mayar da ziyarar Lahadi can. Ya manta sunan titinmu, ya manta cewa matarsa ta rasu, amma da ya gan ni a ƙofa zai ce, "Ka ci?" Wata mai kula da shi, Glenda, mace mai faɗin kafaɗa da yawan raha, ta taɓa jawo ni gefe.

"Haba Mista Sugden, ka ce masa e mana. Kafin a kawo shayi ya manta."

"Shi zai manta, ni fa?"

"Kai, ku maza da ƙwallon nan sai Allah."

A farkon 1994 gwiwata ta hagu ta fara kumbura bayan kowane wasa, yara 'yan shekara ashirin suka fara wuce ni suna waiwaye. Koci ya kira ni ofis ya ce bai taɓa aiki da mutumin kirki irina ba. Na ce masa kada ya damu, ina da leda a mota. Sai dai na cika shekara goma cif, don haka sai an yi mini wasan karramawa kafin in tafi. Kowa ya san yadda ake rufe irin wannan wasa. Saura minti kaɗan alƙali zai hura fenareti ba gaira ba dalili, a miƙa wa mai biki ƙwallo, gola ya faɗi can wani gefe, a tafa a watse. An sa ranar wata Laraba a watan Mayu, ƙungiyarmu da tsofaffin 'yan wasan Marsby.

Na kwana na tashi da abin a raina. Shi ne wasana na ƙarshe, kuma Baba kullum ƙara nisa yake. Ina so in shiga ɗakin nan sau ɗaya a tambaye ni in ce e, da gaskiyata, tun yana iya tambayar. Amma mutumin da ya ƙi karɓar ƙwallon hazo, yaya zai yi da wadda aka ba ni sadaka?

Wanda zai tsare wa tsofaffi raga shi ne Desmond Tordoff. Shekara bakwai muka yi da Des, yana bayana ina gabansa, kujera ɗaya muke zama a bas. In ina da aboki a duniya to shi ne, ko da yake tun da ya bar ƙwallo ya koma rabon burodi da mota bai fi sau uku muka haɗu ba. Na same shi a bayan wani kanti yana sauke kaya, tumbi ya fito.

"Sugden! Wallahi har yanzu hancin nan bai yanke shawarar inda zai dosa ba."

"Des, alfarma na zo nema. Fenaretin nan na ranar Laraba."

"Kwantar da hankalinka, tsoho. Gefen dama zan faɗi. Kai dai nufi ɗaya gefen, kuma don Allah raga ita ce farar nan mai igiya."

"So nake ka kama."

Ya ajiye kwandon burodin ya dube ni. "In kama? A wasan karramawarka? So kake a jefe ni da kwalabe?"

"Ban ce dole ka kama ba. Ka yi iyakar ƙoƙarinka kawai. In ta shiga ta shiga da hujja."

"In na kama fa?"

"Ka kama ke nan."

"Tsohon naka ne ko? Har yanzu yana tambaya?"

Na gyaɗa kai. Des ya san zancen, ya sha cin naman Lahadi a gidanmu. Ya share hannunsa a riga ya miƙo mini.

"Shi ke nan. Amma ka sani shekara bakwai ina kallon ƙafar nan taka a atisaye. Kafin ka buga na san inda za ta."

"Rantse."

"Na rantse da motar burodi. Tafi ka ba ni wuri."

Na so a kawo Baba, har kujera na sa aka ware masa kusa da benci. Ranar Talata Glenda ta bugo waya ta ce ciwon ƙirji ya kama shi, likita ya hana shi fita. Ta ƙara da cewa kwana biyun nan hayaniya tana firgita shi. Na ce ba komai.

Laraba ta zo da yayyafi tun safe. Filin da ke cin mutum dubu tara, waɗanda suka zo ba su kai dubu ba, sun taru wuri guda ƙarƙashin rumfa suna shan shayi a kofin roba. Na aika wa tsofaffin abokan wasa wasiƙa talatin da ɗaya, goma sha uku suka zo, biyu a ciki sai da na gaya musu ko ni wane ne. Aka jeru aka yi mini tafi na fito. Na ɗaga hannu, na rasa inda zan kalla, don sauran da na ga an yi wa irin wannan da 'ya'yansu suke fitowa a kafaɗa. Idona ya kai kan kujerar da na ware, wani ya ɗora lemarsa a kai.

Wasan dai wasan tsofaffi ne, ana tafiya ana haki ana dariya. Saura minti biyar ɗan gabanmu ya shiga da'irar ragarsu, ba wanda ya taɓa shi, ya zube yana birgima kamar an sare shi. Alƙali ya hura yana murmushi. Rumfa ta ɗauka, "Buga! Buga!" Wani ya kwarara ihu, "Ku tuɓe takalma, yau akwai wanka a rafi!"

Na ajiye ƙwallo a ɗigon fenareti. Des ya tsaya a tsakiya ya tofa yawu a safar hannu, fuskarsa ba wasa. Gabana ya faɗi yadda bai taɓa faɗuwa ba a wasa ɗari huɗu. Na ja baya, na zo da gudu, ƙafar da na dogara da ita ta zame a laka, na shafi ƙwallon da gefen takalmi. Ta tafi a hankali tana gangarawa, kusan saitin ƙafarsa. Ko Glenda ce a ragar da ta tare ta da tsintsiya.

Des ya kalle ta. Na ga idonsa a kanta. Sannan ya tattara tumbinsa ya yi tsalle can dama, ya faɗi tim a cikin laka, ƙwallo ta wuce inda ya bari ta kwanta a raga.

Aka ɗauke ni sama, ana ta bubbuga mini baya. Mutum huɗu sun cika alkawari, an ce sun faɗa rafin da gaske. A ɗakin sauya kaya kowa ya sa hannu a ƙwallon aka ba ni. Na bi Des har wurin ajiye motoci.

"Ka rantse, Des."

"Na yi ƙoƙari! Ka yaudare ni da ido."

"Ƙasa nake kallo."

"To ka yaudare ni da hanci." Ya buɗe mota, ya tsaya bai shiga ba. "Rod, mutum ɗari tara sun fito cikin ruwa saboda kai. In kama su koma gida da me? Ka je ka ce masa ka ci. An gama wasan, alƙali ya hura, ta shiga. Ina ƙaryar take?"

Haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, kuma na san don ni ya yi.

Daga Laraba zuwa Lahadi ba abin da na yi sai juya maganar. Ba atisaye, ba inda ake jirana, ni da ƙwallon a kan teburin kicin. In na ce e, zai tambayi wane ne a raga, ya bi ta ko bai bi ta ba, don kan Baba ko ya manta komai bai manta ƙwallo ba. Daga ƙarshe na yanke cewa zan ce na ci, in ya bincika in faɗa masa yadda aka yi, ya yanke hukuncinsa. Na sa ƙwallon a jakar leda na tafi.

Na same shi a kujerarsa ta bakin taga, an lulluɓe masa ƙafa da bargo, ya rame. Na tsaya a ƙofa ina jira. Ya ɗago ya dube ni, ya yi mini murmushi irin wanda bai taɓa yi mini ba, na ladabi.

"Barka da rana. Wajen wa ka zo?"

Shekara da shekaru ina ƙin tambayar nan, yau na tsaya kamar gunki ina roƙon ta fito, ba ta fito ba. Glenda ta shigo da shayi, ta dube ni ta girgiza kai a hankali. "Tun Alhamis," ta ce ƙasa-ƙasa, ta fita.

Na jawo kujera na zauna, na tura ledar ƙarƙashi. Ya lura da yadda na miƙe ƙafar hagu.

"Gwiwa ce?"

"Gwiwa ce."

"Ƙwallo ke nan. Ɗana ma yana bugawa, a nan Marsby. Lamba uku. Ka san shi? Rodney."

"Na san shi."

"Ba a wuce shi. Kowa ka kawo, ba a wuce shi." Ya kurɓi shayi. "Wawayen nan suna masa ihu wai ba ya ci. Ya ci mana. Ranar hazo."

Na ce, "An ce soke ta aka yi."

"Ka ga 'yan iska! Ni na gan ta, ina bayan raga, nan da ƙofar can. Da dama ya buge ta, ƙasa-ƙasa, ta daki turken hagu ta shige. Golan ko motsi bai yi ba." Ya ɗaga yatsa. "Ni lamba tara ne, na san ƙwallo mai kyau."

Ban taɓa gaya masa ta daki turke ba. Bai bar ni na kai nan ba a ranar, jarida kuma layi biyu ta rubuta, duk a kan hazo.

"Kana zuwa kallonsa ke nan?"

"Duk wasan gida. Can sama nake tsayawa kusa da ƙofar fita, ranar ce kawai na sauko don hazo ya hana gani. Kafin a tashi na zame."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya masa ba?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. "In ka yabi yaro sai ya kwanta. Kai ba ka da 'ya'ya ne?"

"Ba ni da."

"Ai shi ya sa."

Na ji baƙin ciki, na ji daɗi, na kuma ji haushinsa irin wanda ban taɓa ji ba, duk a lokaci guda, ga shi ba wanda zan sauke wa. Mutumin da ya yi mini laifin ba ya ɗakin, wannan wani dattijo ne mai fara'a yana hira da baƙo. Ya tura mini farantin biskit.

"Kai fa, wace lamba ka buga?"

"Baya nake."

"To." Ya ɗan sunkuyo. "Ka ci?"

Ledar tana taɓa dunduniyata a ƙarƙashin kujera. Ban jawo ta ba.

"Na ci," na ce. "Guda ɗaya, da daɗewa. Ranar hazo ni ma."

"Ai da babu gara ba daɗi." Ya jingina, ya mayar da ido ƙofa. "In ba sauri kake ba ka ɗan jira, ku gaisa. Yau Lahadi, yanzu zai shigo. Bai taɓa fashi ba."

Na ce ba sauri nake ba. Muka zauna mu biyu muna kallon ƙofa, muna jiran Rodney, har Glenda ta zo ta kwashe kofuna.